Shin hasken tocila zai iya tona asirin rini a manja da garin barkono?

Wani bawan Allah mai sarin manja da garin barkono a Babbar Kasuwar Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya ce 'yarsa da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta ba shi labarin wata na'ura da ake haska abinci da ita, idan an zuba masa rini mai cutarwa sai hasken ya sauya. Yana so ya san ko gaskiya ne, ko ana sayar da ita, kuma ko 'yar tocilar nan mai hasken shunayya da ake duba jabun kuɗi da ita za ta yi masa wannan aiki kafin ya biya kuɗin kaya.

Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. 'Yarka gaskiya ta faɗa, ilimin yana nan kuma ana aiki a kansa a jami'o'in duniya. Sai dai mafi yawan abin da aka ƙirƙira don rinin abinci har yanzu bai bar ɗakin bincike ya shigo kasuwa ba. Ita kuwa tocilar duba kuɗi, akwai rini guda da za ta iya nuna maka, amma wanda ya fi shafar sana'arka, wato na manja da barkono, ba za ta gan shi ba ko ka kwana kana haskawa. Ina so ka san dalili, domin ranar da wani zai zo maka da na'ura a jaka yana cewa tana gano komai, ka san abin da za ka tambaye shi.

Ba kowace kala da ake sa wa abinci ce haramtacciya ba. Akwai waɗanda hukumomi suka yarda da su bisa ƙayyadadden awo, irin su tatrazin mai ruwan ɗorawa da ake samu a lemon kwalba da alawa. Matsalar waɗannan ita ce wuce gona da iri, musamman ga yara. Bayan wani bincike da aka yi a Jami'ar Sawthamton ta Ingila a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da shida daga cikinsu tun 2010, cewa suna iya shafar natsuwar yara. Amurka kuma ta soke izinin wata jar kala mai suna eritrosin a watan Janairun 2025. Wannan rukuni ɗaya ke nan.

Rukuni na biyu shi ne abin tsoro, domin tun asali ba don ciki aka yi su ba. Akwai dangin rinin da ake kira Sudan, daga na I zuwa na IV, waɗanda masana'antu ke rina man goge takalmi, kakin kyandir, roba da man fetur da su. Suna narkewa a mai, ba sa narkewa a ruwa, ga arha, ga ja mai ɗaukar ido, shi ya sa marar tsoron Allah ke zuba su a manjan da ya kwana biyu ya koɗe, ko a garin barkonon da aka cuɗa da dusa. Idan suka shiga ciki, ƙwayoyin da ke cikin hanji da kuma hanta suna tsinka su gida biyu, su saki wasu sinadarai. Ɗaya daga cikin abin da Sudan IV ke iya saki shi ne oto-toluwidin, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo ciwon dajin mafitsara ga ɗan Adam. Sudan I kuma ya haifar da ƙari a hantar ɓerayen gwaji. Ba guba ce da za ta kayar da mutum a ranar ba, kuma wannan ne ya sa mutane ke raina ta. Miya ce ta kullum, shekara da shekaru.

A 2003 aka fara gano Sudan I a Faransa cikin garin barkonon da aka shigo da shi daga Indiya. A watan Fabrairun 2005 Ingila ta janye kayan abinci sama da iri 500 daga kantuna, saboda wani garin barkono mai rini da ya shiga cikin wani romon ɗanɗano, romon kuma ya shiga ɗaruruwan abinci. Kusa da mu, hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta gwada manjan manyan kasuwannin Akara a 2015, ta sami Sudan IV a kashi 98 cikin 100 na abin da ta ɗiba. NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kan rina manja a nan gida. Manjan da kuke saukewa a Sakkwato ya yi doguwar tafiya daga kudu, ya ratsa hannaye da yawa, wani kuma ya wuce Illela zuwa Konni. Wanda ya sayar maka ma wataƙila bai san abin da ke cikin jarkar ba.

Sai Rodamin B, wani rini mai ruwan hoda mai tsananin haske da ake amfani da shi a masaƙu da tawada. A watan Fabrairun 2024 jihar Tamil Nadu ta Indiya ta hana sayar da alawar auduga saboda an same shi a ciki. A gari irin namu da ake jima da rinin fata da na tufafi, garin rini ba wuyar samu yake ba, kuma mai ƙulla ƙanƙarar yara ko alawa da ta saye shi a ƙulle cikin leda ba tare da takarda ba, ba ta da hanyar sanin na abinci ne ko na fata.

To, yanzu batun hasken. Akwai sinadaran da idan haske mai ƙarfi ya faɗa musu, sukan haɗiye shi, nan take su mayar da wani haske mai rauni kaɗan, mai wata kala daban. Ka haska musu wanda ido ba ya gani sosai, su mayar maka da kore ko shuɗi ko ja. Masani Joj Sitoks na Jami'ar Kambirij ta Ingila ne ya yi bayanin wannan a 1852. Abin da kake gani ke nan idan ka ɗora tocila a kan takardar naira wasu zane-zane suka bayyana, kuma shi ne ke sa kunama ta yi ƙyallin kore-shuɗi idan aka haska ta da irin wannan tocila da dare. Asibitoci ma suna amfani da shi: a gwajin tarin fuka ana rina majina da wani sinadari da ke sa ƙwayoyin cutar su yi ƙyalli a madubin likita. Amfanin wannan ƙyalli ga mai bincike shi ne, a cikin duhu, ɗan haske ƙanƙani ma ana iya auna shi. Don haka abin da ya yi ƙanƙantar da ido ba zai ga kalarsa ba, na'ura za ta ga ƙyallinsa.

Rodamin B yana cikin masu ƙyallin. Idan ka narkar da alawa mai ruwan hoda a ɗan ruwa cikin kofin gilashi, ka shiga ɗaki mai duhu ka haska daga gefe, wadda ke da Rodamin za ta yi wani ƙyalli mai ruwan lemo da ba ya ɓuya. Wannan alama ce da ta isa ka ajiye alawar ka kai ta gwaji, ko da yake ba hujja ba ce, don akwai wasu kaloli masu ƙyalli. Kada dai ka haska tocilar a ido ko ka bar yara su yi wasa da ita. Amma dangin Sudan ba sa mayar da haske. Suna haɗiye shi ne su mai da shi zafi, shiru kake ji. Ka haska manja mai kyau da mai rini, ɗan abin da za ka gani daga man kansa yake fitowa, kuma yana sauyawa da tsufan man da yadda aka dafa shi. Ba abin dogaro ba ne.

Masu bincike sai suka juya lamarin. Tun da rinin ba ya ƙyalli amma yana shanye haske, bari a kawo wani abu mai ƙyalli a haɗa su, a ga yadda ƙyallin zai dusashe. Abin da aka fi amfani da shi yanzu shi ne ɗigon kabon, wasu 'yan ƙwayoyi da girmansu bai kai nanomita 10 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. An gano su a 2004, kuma haɗa su ba wuya: sinadarin tsamin lemo da takin yuriya a dafa da zafi mai yawa, ko ma ɓawon 'ya'yan itace. Akwai kuma 'yan uwansu na ƙarfe da ake kira ɗigon kwantam, waɗanda suka jawo wa mutum uku kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2023, sai dai da yawansu na ɗauke da kadmiyom, wanda shi kansa guba ne. Ana zuba ruwan ɗigon a ƙaramar kwalba, a haska, ya yi shuɗi ko kore. A ɗiga abin da aka tatso daga abinci. Idan da rini, hasken ya ragu, gwargwadon yawan rinin gwargwadon raguwar. Kyamarar waya a cikin ɗan akwati mai duhu tana iya auna wannan raguwa.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma a nan ne nake rabuwa da yawancin rahotannin da ake yayatawa, kuma shi ne abin da na fi so ka riƙe. Dusashewar haske ba ta faɗin wanda ya dusashe shi. Kamar mutum ne ya gitta tsakaninka da fitila da dare: ka san an tare hasken, ba ka san ɓarawo ne ko maƙwabci ba. Jan manja na asali daga karotin yake, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma manja na cikin abincin da ya fi kowane yawansa. Kowace kalar haske tana da nata awo a nanomita: karotin yana shanye haske a wajen nanomita 450, Sudan I a wajen 480, Sudan IV a wajen 520. Sun yi kusa ƙwarai. Jan barkono da tattasai na asali ma a wannan yanki yake shan haske. Saboda haka manja mai kyau, ja jawur daga Allah, zai iya kashe ƙyallin kamar yadda mai rini zai yi, a ɗora wa mai gaskiya laifi. Gwaje-gwaje da dama da aka wallafa an yi su ne da rini tsantsa a ruwa mai tsabta, ko a lemon kwalba da ba shi da wani tarkace. Manja da yaji ba haka suke ba.

Maganin wannan shi ne a sa wa na'urar abin da zai tantance rinin shi kaɗai, kuma da wannan ne take zama abin da ake kira bayosensa, wato na'urar da ke aiki da wani abu na halitta. Ka riga ka san irinta: tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, da na gwajin ciki, da na'urar auna sukari. Abu biyu ake amfani da su. Na farko antibodi, wato irin furotin da jiki ke ƙerawa don ya kama baƙon abu. Ƙwayar rini ta yi ƙanƙanta da jikin dabba zai kula da ita, don haka sai a liƙa ta a jikin babban furotin a yi wa zomo ko ɓera allura, jikinsa ya ƙera antibodin da ke kama wannan rini. Na biyu aftama, wani ɗan guntun zaren DNA ko RNA, irin zaren da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, da ke naɗe kansa ya rungumi sinadari guda. Tun 1990 aka fito da hanyar zaɓo shi daga cikin ɗimbin zaruruwa a kwalbar gwaji, ba tare da dabba ba. Akwai wani koren rini mai suna malakayit da aka hana amfani da shi a kiwon kifi. Shi kaɗai a ruwa kusan ba ya ƙyalli, amma da aftamarsa ta riƙe shi ta hana shi motsi, ƙyallinsa yakan ninka fiye da sau 2,000. Irin wannan gwaji, wanda haske ke kunnuwa maimakon ya mutu, ya fi aminci, domin abubuwa da yawa na iya kashe haske, kaɗan ne ke iya kunna shi.

Idan aka ɗora antibodi a tsinken gwaji, akwai wani abu da ke rikita mutane. A gwajin zazzaɓi, layi biyu na nufin akwai cuta. A gwajin ƙananan sinadarai irin rini, akasin haka ne. An riga an shafa rinin a kan layin gwaji, antibodi mai ɗauke da ƙyalli yana tafiya tare da ruwan. Idan abincin ba shi da rini, antibodin zai maƙale a layin ya haska. Idan da rini, ya riga ya cika hannun antibodin tun a hanya, sai ya wuce bai tsaya ba, layin ya ɓace. Ɗayan layin kullum yana bayyana don nuna tsinken yana aiki, saboda haka layi biyu lafiya, layi ɗaya matsala. Wanda ba a koya masa ba zai karanta a juye, ya zubar da mai kyau ya sayar da marar kyau.

Wata dabarar da ke burge ni ita ce amfani da sinadarin yurofiyom. Ƙyallin da abinci ke yi da kansa yana mutuwa nan take da an kashe fitila, amma na yurofiyom yana daɗewa sau dubbai fiye da haka, ko da yake duk abin bai wuce ƙiftawar ido ba. Sai na'urar ta haska, ta kashe, ta ɗan jira tarkacen ya yi shiru, sannan ta auna. Akwai kuma masu haɗa ƙyalli kala biyu, ɗaya yana sauyawa ɗaya yana tsaye, domin a auna bambancinsu, ta yadda raunin batir ko bambancin waya ba zai ɓata sakamako ba.

Cewa wannan hanya za ta iya fita kasuwa ba tatsuniya ba ce, domin ta riga ta fita a wani fannin. Gubar afalatoksin da funfuna ke bari a gyaɗa da masara tana ƙyalli, kuma shekaru da dama masu fitar da amfanin gona waje suna gwada ta da wani ɗan bututu mai antibodi da ƙaramar na'urar auna ƙyalli. Na rini ma akwai kamfanonin waje da ke yin kayan gwajin Sudan masu antibodi, amma ba abu ne da za ka shiga kanti a Sakkwato ka saya ba, kuma an yi su ne don ma'aikacin ɗakin gwaji.

Ko an kawo su, ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Kafin a gwada sai an zaro rinin daga cikin mai, kuma ruwa ba ya yi. Sai an kaɗa manjan da wani sinadari irin asetonaitiril ko giyar gwaji, a bari ya rabu, a tace, a sirka. Wannan mataki ya fi haskawar wuya, ya fi ta tsada, kuma a nan kuskure ya fi faruwa. Ga zafi: yawancin tsinkayen antibodi ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, cikin rumfar kwano ma abin ya fi haka. Antibodi furotin ne, zafi yana lalata shi, kuma tsinken da ya lalace ba ya sanarwa. Shi kansa ƙyallin yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Ƙurar hunturu kuma idan ta hau gilashi tana watsa haske. A ganina aftamar DNA ta fi dacewa da mu, don ta fi jure zafi kuma ana haɗa ta da inji. Sannan ga ɗiba: cokali ɗaya daga saman duro ba ya wakiltar duron, balle lokacin sanyi da manja ke daskarewa ya rabu sama da ƙasa.

Saboda haka ko mafi kyawun irin wannan na'ura aikinta tankaɗe ne, ta ware abin zargi daga cikin kaya masu yawa cikin mintuna. Hukunci na ƙarshe, wanda za a iya kama mutum ko a ƙwace kaya da shi, sai babbar na'urar da ake kira HPLC, wadda ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta faɗi sunan kowane da yawansa. NAFDAC tana da ɗakunan gwaji a wurare irin su Kaduna da Legas, kuma tana da ofishi a Sakkwato da za ka iya fara tuntuɓa.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunka. Barkono dai, ka sayi busasshe wanda ba a niƙa ba ka kai inji da kanka, ka tsaya a niƙa a gabanka. Rini a gari ake ɓoye shi. Garin barkono na gaskiya jansa ba ɗaya ba ne, akwai ɗigon 'ya'ya masu fari-fari, kuma yana koɗewa idan ya daɗe. Wanda ya yi watanni a buhu yana nan ja kamar yau aka niƙa, kuma farashinsa ya yi ƙasa da na wanda ba a niƙa ba, abin tambaya ne. Manja kuma, gwajin da ake yaɗawa a waya na zuba shi a ruwa a ga ko ruwan zai yi ja ba ya kama Sudan, tun da ba ya narkewa a ruwa; ruwan zai fita fes alhali rinin na cikin man. Abin da ya fi shi amfani shi ne ka tsaya ga dillalin da ka san inda yake ɗauko kaya, kuma daga kowace mota ka ɗebi kaɗan daga sama da ƙasan jarkoki daban-daban bayan an narkar an motsa, ka zuba a kwalba mai tsabta, ka rubuta rana da sunan mai kayan, ka ajiye a inuwa. Idan ku 'yan layin manja kuka haɗa kuɗi ta ƙungiyarku kuna aika irin waɗannan kwalabe gwaji lokaci-lokaci, nauyin ba zai faɗa kan mutum ɗaya ba, kuma labari zai kai kudu cewa Sakkwatawa suna gwadawa. Su ma masu saye a riƙa gaya musu cewa manja mai kyau ja ne mai sirkin ruwan lemo, domin neman wanda ya fi ja da suke yi shi ne ke sa a rina.

Masu soɓorodo suna da gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar tocila. Jan soɓo na asali yana juyawa zuwa shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu idan aka ɗiga masa ruwan kanwa, ya dawo ja idan aka matsa lemon tsami. Yawancin kalar kanti ba ta yin wannan juyi. Idan aka ɗiga kanwa ya tsaya ja ƙyam, ba soɓo kaɗai ke cikin robar ba. Idan an gauraya su ne, sauyin zai zo rabi-rabi, don haka a gwada tare da wanda aka dafa a gida a ajiye su gefe da gefe.

Ita kuma 'yarka, idan wannan fanni ya ja hankalinta, ka ƙarfafa mata gwiwa, don akwai aikin da ya fi ƙirƙiro sabon ɗigo muhimmanci. Ta ɗebo manja da yaji da alawar yara daga Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da bakin makarantun firamare, ta gwada su da hanyar ƙyalli, ta kai ragowar kowane samfuri a gwada da HPLC, ta ƙirga sau nawa hanyar ƙyallin ta zargi mai kyau, sau nawa kuma ta wanke mai rini. Ta maimaita da tsinkayen da suka yi wata guda a cikin rumfa lokacin bazara. Na biyun, wato wanke mai rini, shi ne ya fi hatsari, kuma shi ne adadin da za ka fara tambayar duk wanda ya zo sayar maka da na'ura, tare da takardar da ke nuna an gwada ta a kan manja da barkono, a zafi irin namu.